Jagorar Dafa Ganyen Kale a Gida da Zaɓen Tukunyar da Ta Dace da Shi

Ganyen kale ɗan gida ɗaya ne da kabeji da farin kabeji da burokoli, domin a wurin masana tsirrai dukkansu jinsi ɗaya ne, wanda suke kira Brassica oleracea. Bambancinsa da kabeji shi ne ba ya naɗe kansa ya dunƙule. Ganyensa a buɗe yake fitowa, mai kauri, da jijiya mai tauri a tsakiya. Wannan kaurin ne ke ba mai girki wahala, musamman wanda ya saba da ganyaye masu laushi da ke yin yaushi da zarar sun ji zafi. Idan aka sauke kale da wuri sai ya zama abin tauna har muƙamuƙi ya gaji, idan kuma aka bar shi yana tafasa babu lissafi sai launinsa ya dushe, ya fara fitar da warin da ke cika ɗakin girki. Abin da ke raba waɗannan biyun 'yan mintoci ne kawai, kuma tukunyar da aka ɗora ce take ba mai girki iko a kan mintocin nan ko ta hana shi. Shi ya sa za a fara da tukunya kafin a taɓa ganyen.

Faɗi da zurfi da murfi

Ɗanyen kale yana cin wuri ƙwarai. Giram 300 na ganyen, wanda bayan dahuwa bai wuce abin da mutum biyu ko uku za su ci tare da wani abinci ba, yana iya cika babbar roba tun kafin ya ga wuta. Idan aka tura shi cikin ƙaramar tukunya mai ƙunci, na ƙasa zai dahu har ya fara kamawa alhali na sama bai ko ji ɗumi ba, kuma juya shi ba zai yiwu ba sai rabinsa ya zube a kan murhu. Abin da ya fi dacewa shi ne kasko mai faɗin santimita 28 zuwa 30, wanda gefensa ya miƙe tsaye da zurfin santimita 6 zuwa 8. Faɗin yana sa ganye mai yawa ya taɓa gindin kaskon a lokaci guda, zurfin kuma yana riƙe tulin har ya sauka.

Murfi wajibi ne, kuma ya kasance wanda ke zama daram a bakin kaskon. Man girki shi kaɗai ba ya tausasa kale. Tururi ne ke yin wannan aikin, tururi kuwa ba ya tsayawa inda babu abin da zai tare shi. Murfin gilashi yana da ɗan fifiko, domin ana ganin launin ganyen ba tare da an buɗe ba. A ganina, wanda zai sayi abu ɗaya tak saboda irin wannan girki, kasko mai zurfi da murfinsa ya kamata ya saya, domin da shi ake soyawa, da shi ake turarawa, da shi kuma ake dahuwa mai tsawo.

Irin ƙarfen da aka ƙera tukunyar da shi

A nan ne ake yawan sayen abin da bai dace ba, saboda ido yana bin ƙyalli ya manta da kaurin gindi.

Ƙarfe mara tsatsa shi ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali. Ba ya canza ɗanɗanon abinci, ba ya damuwa da lemon tsami ko tumatir, kuma yana jure kankara da wanki. Sau da yawa ana ganin lamba 18/10 a gindinsa, ma'anarta kashi 18 cikin ɗari na ƙarfen sinadarin kuromiyam ne, kashi 10 kuma nikel ne, su ne ke hana shi tsatsa. Rauninsa shi ne ba ya watsa zafi da kyau: alminiyam ya ninka shi fiye da sau goma wajen isar da zafi. Saboda haka kaskon da aka yi da siririn ƙarfe mara tsatsa zalla zai yi zafi sosai daidai inda harshen wuta yake, gefe kuma ya kasance da sanyi, sai tafarnuwa ta ƙone a tsakiya ganye yana ɗanye a gefe. Maganin wannan shi ne a nemi wanda aka saka faifan alminiyam ko na jan ƙarfe a cikin gindinsa, ko wanda aka yi jikinsa gaba ɗaya hawa uku. Ana gane shi da nauyi a hannu, da kuma ƙarar da yake yi idan aka ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa: mai kauri yana amsawa a dushe, siriri kuwa yana yin ƙara kamar gwangwani.

Tukunyar zubabben baƙin ƙarfe tana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ta ɗauka ba ta sakinsa da wuri, wanda hakan ke nufin zuba ganye mai sanyi ba ya kashe mata zafi. Ta dace da soyawa mai ƙarfi inda ake so gefen ganyen ya ɗan yi ja. Matsalarta tsami ne. Idan aka dafa kale da tumatir ko binega na tsawon lokaci a cikinta, abincin yana iya ɗaukar ɗanɗanon ƙarfe, launinsa ya yi duhu, kuma rufin man da ya gasu a jikinta ya zube. Wadda aka lulluɓe cikinta da rufi mai kama da tangaram ba ta da wannan matsalar, kuma ita ce ta fi kowace tukunya kyau wajen dahuwa mai tsawo, sai dai tana da nauyi, kuma rufin yana iya tsagewa idan ta faɗi ko aka zuba mata ruwan sanyi tana da zafi.

Alminiyam zalla yana da sauƙin nauyi da saurin zafi, amma shi ma yana yin mu'amala da tsami, yana kuma iya dusashe launin ganye. Ana iya tafasa kale na 'yan mintoci a cikinsa ba tare da wata damuwa ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne matsa lemon tsami a ciki ko barin abincin ya kwana a tukunyar. Alminiyam da aka ƙarfafa fuskarsa a masana'anta, wanda yawanci launinsa toka-toka ne mai duhu, ya fi jure tsami.

Kaskon da abinci ba ya kamawa, irin mai rufin Teflon, yana da amfani ga wanda ke son rage mai, amma yana da iyaka. Rufin yana fara lalacewa idan zafi ya wuce kimanin digiri 260 a ma'aunin Salsiyos, kuma kaskon da aka bari babu komai a kan wuta mai ƙarfi yana iya kaiwa wannan zafin cikin 'yan mintoci. Don haka a yi amfani da shi a matsakaiciyar wuta, da cokalin katako, kuma idan rufin ya fara ɓarewa a canza shi. Tukunyar jan ƙarfe wadda ba a lulluɓe cikinta da wani ƙarfe ba kuwa, kada a dafa ganye a cikinta ko kaɗan. Tana sa ganye ya yi kore shar, amma jan ƙarfen da ke narkewa cikin abincin yana cutarwa.

Wanda murhunsa na lantarki ne mai aiki da maganaɗisu ya gwada kowace tukunya kafin saye: idan ɗan maganaɗisu ya manne a gindinta za ta yi aiki, idan bai manne ba murhun ba zai ɗumama ta ba.

Bayan kasko, sauran kayan kaɗan ne: babbar tukunya mai cin lita 5 ko 6 domin tafasawa, gwagwa domin tsane ruwa, babbar roba ta wanki, wuƙa mai kaifi da katakon yanka.

Mataki na farko: zaɓen ganye da gyara shi

Iri uku aka fi samu. Akwai mai ganye a murɗe, wanda ya fi tauri da ɗaci, ya kuma fi dacewa da gashi da dahuwa mai tsawo. Akwai mai dogon ganye kore mai duhu da fuska gurji-gurji, wanda aka san shi da yankin Tuskani na Italiya, inda ake kiransa cavolo nero. Ya fi na farkon laushi kuma ya fi shi saurin dahuwa. Akwai kuma mai jijiya ja-ja da ganye shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi sauran taushi, shi ya sa ake yawan cin sa ɗanye. Ko wanne iri ne, a zaɓi ganyen da yake tsaye da ƙarfinsa, babu rawaya a gefe, kuma gindin karan bai bushe ya tsage ba. Kale tsiron sanyi ne, kuma wanda ya sha sanyi mai tsanani a gona yakan fi zaƙi, domin tsiron yana tara sukari a ganyensa don kare kansa daga daskarewa. Wanda ya girma cikin zafi yakan fi ɗaci, kuma shi ne ya fi buƙatar a fara tafasa shi.

Cire jijiya shi ne aikin da bai kamata a yi wa ƙyuya ba, domin jijiyar tana ɗaukar lokacin dahuwa fiye da ganyen nesa ba kusa ba. A riƙe gindin karan da hannu ɗaya, a matse shi da babban yatsa da manuni na ɗaya hannun daidai inda ganyen ya fara, sannan a ja zuwa sama a tafi ɗaya. Ganyen zai zame ya taru a tafin hannu, jijiyar ta rage tsirara, siririn ƙarshenta kuma ya tsinke ya bi ganyen, wanda babu laifi tunda wannan ɓangaren yana da laushi. Kada a zubar da jijiyoyin: idan aka yanka su ƙanana, kimanin rabin santimita, aka fara soya su tare da albasa mintoci huɗu ko biyar kafin ganyen, suna da daɗin ci.

Wanki kuma a cikin roba ake yinsa, domin ruwan famfo da ke zuba daga sama ba ya fitar da yashin da ya maƙale a lungunan ganyen. A cika robar da ruwan sanyi, a nutsar da ganyen a motsa shi da hannu, a bar shi minti ɗaya ko biyu yashi ya kwanta, sannan a tsamo ganyen daga sama. Idan aka juye robar gaba ɗaya cikin gwagwa, yashin da ya kwanta zai sake komawa kan ganyen. A maimaita har gindin robar ya fita fes. Bayan haka a tattara ganyen a naɗe shi, a yanka da faɗin santimita biyu ko uku.

Mataki na biyu: soyawa da turarawa a kasko ɗaya

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da girkin yau da kullum, kuma wanda ya iya ta ya iya yawancin abin da ake buƙata. Ga giram 300 na ganye, ana buƙatar mai cokali biyu na cin abinci, albasa ƙarama ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwa kimanin mililita 60 zuwa 80, da rabin lemon tsami.

A ɗora kaskon a matsakaiciyar wuta ya yi zafi na minti ɗaya ko biyu, sannan a zuba mai. A saka albasa da yankakkun jijiyoyin a soya har albasar ta yi laushi. Tafarnuwa tana shiga daga baya, kuma daƙiƙa talatin sun ishe ta, domin idan ta ƙone ɗacinta zai haɗu da na ganyen, babu kuma abin da zai gyara shi. Da zarar ƙamshinta ya tashi, a fara zuba ganyen hannu-hannu, ana juyawa, ana jira kowane kashi ya ɗan sauka kafin a ƙara wani. Ragowar ruwan wankin da ke jikin ganyen zai yi ƙara idan ya taɓa man, kuma cikin minti ɗaya za a ga launin ya tashi daga kore mai toka-toka zuwa kore mai haske da sheƙi. Wannan sauyin yana faruwa ne saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ganyen ta fita, launin ya bayyana sosai. Alama ce cewa dahuwa ta fara, ba wai ta kammala ba, kuma da yawa a nan suke saukewa su ce kale ba ya taunuwa.

Sai a barbaɗa gishiri, a zuba ruwan ta gefen kaskon, a rufe, a rage wuta. Irin na Tuskani yana buƙatar mintoci uku zuwa huɗu, mai murɗaɗɗen ganye kuma biyar zuwa bakwai. A buɗe, a ɗauki yanki ɗaya mai kauri a tauna, domin agogo ba ya sanin shekarun ganye. Idan haƙori ya ratsa shi ba tare da ya yi zare-zare ba, ya yi. Daga nan a bar murfin a buɗe, a ƙara wuta na minti ɗaya domin ragowar ruwan ya ƙafe, man ya koma jikin ganyen. A sauke, sannan a matsa lemon tsami.

Jinkirta lemon tsamin yana da dalili. Sinadarin da ke ba ganye launin kore yana ɗauke da ƙwayar magnesiyam a tsakiyarsa, kuma tsami tare da zafi suna fitar da ita, sai launin ya koma kore mai ruwan ƙasa. Ganyen kansa yana da ɗan tsami da ke fita yayin dahuwa, shi ya sa rufe shi fiye da mintoci bakwai ko takwas yake dusashe shi ko da ba a saka komai ba. Wasu suna zuba sodar girki domin riƙe launin, kuma tana riƙewa, amma tana narkar da jikin ganyen ya zama lugub, tana kuma lalata wani ɓangare na bitamin da ke cikinsa. Ban ga ribar wannan cinikin ba.

Ɗacin kale da ɗan yajin da ake ji a cikinsa suna fitowa ne daga sinadarai masu ɗauke da farar wuta, waɗanda dangin kabeji duka suke da su. Gishiri da mai da ɗan tsami suna danne ɗacin a harshe, kuma sinadaran nan masu farar wuta ne ke rikiɗa su ba da wari idan aka daɗe ana tafasa ganyen a wuta mai ƙarfi.

Tafasawa ta ɗan lokaci da turarawa zalla

Idan ganyen ya tsufa, ko ɗacinsa ya yi yawa, ko ana so a adana shi a firiza, sai a koma ga babbar tukunya. A tafasa ruwa lita 3 ko 4 da gishiri kimanin giram 10 ga kowace lita, a zuba ganyen, a bar shi mintoci biyu zuwa uku babu murfi. Yawan ruwan yana da muhimmanci, domin ruwa kaɗan yana hucewa idan ganye ya shiga, sai lokacin dahuwa ya tsawaita. A tsamo shi a tsoma cikin ruwan sanyi sosai domin dahuwar ta tsaya, a matse da hannu ya zama dunƙule-dunƙule. Daga nan ana iya soya shi minti biyu da tafarnuwa, ko a ƙulla shi a leda a saka a firiza inda zai yi watanni. Farashin wannan hanyar shi ne wani kaso na bitamin C yana tafiya cikin ruwan da aka zubar.

Turarawa a madambaci tana rage wannan asarar, tunda ganyen ba ya nutsewa cikin ruwa. Mintoci biyar zuwa bakwai sun isa, muddin ba a danna ganyen ya cushe ba. Ba ta cire ɗaci kamar tafasawa, don haka ta fi dacewa da ganye matashi.

Dahuwa mai tsawo

Akwai hanyar da ta saɓa wa duk abin da aka faɗa game da launi, kuma tana da daɗinta. A arewacin Jamus ana dafa kale, wanda suke kira Grünkohl, a hankali da nama na tsawon lokaci a watannin hunturu, a Holan ana dama kale da dankali a abincin da suke kira stamppot, a Tuskani kuma yana shiga miyar wake da burodi mai suna ribollita. A irin wannan girki an haƙura da koren launi tun farko, ana neman laushi da zurfin ɗanɗano. A soya albasa a tukunya mai nauyi, a zuba ganyen ya sauka, a ƙara romo ko ruwa har ya kai rabin tsayin ganyen, a rufe, a bar shi mintoci 30 zuwa 45 a wutar da ruwan ke motsi kaɗan-kaɗan. Ƙarfin wutar shi ne abin lura, domin tafasa mai ƙarfi ce ke ta da wari ta kuma ƙafar da ruwa. A nan ne kaurin gindin tukunya yake nuna amfaninsa: siririya za ta kama tun kafin ganyen ya yi laushi, mai kauri kuwa juyawa sau biyu ko uku ya ishe ta.

Gashi a tanda da cin sa ɗanye

Domin gashi, ganyen ya bushe sarai bayan wanki, in ba haka ba zai turaru maimakon ya yi ƙaras-ƙaras. A yayyaga shi manya-manya, a shafe shi da mai cokali ɗaya, a shimfiɗa a faffaɗan tire ba tare da wani ya hau kan wani ba, a gasa a digiri 140 zuwa 150 na mintoci 15 zuwa 20. A tsaya kusa a mintocin ƙarshe, domin da zarar ya yi ruwan ƙasa ya zama mai ɗaci. Mai son cin sa ɗanye kuma ya yanka shi siriri, ya zuba ɗan gishiri da mai, ya murza da hannu mintoci biyu ko uku har ya yi duhu ya ragu; murzawar ce ke karya taurinsa.

Lafiya da ajiya

Kale yana da bitamin K mai yawa, saboda haka wanda ke shan maganin hana daskarewar jini irin warfarin kada ya ƙara ko ya rage yawan cinsa kwatsam ba tare da ya tuntuɓi likitansa ba. Bitamin K da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A duka suna narkewa ne a cikin mai, don haka cokali biyun man da aka soya ganyen da su suna taimaka wa jiki ya amfana da su.

Ɗanyen ganye yana yin kwana biyar zuwa mako guda a firji idan ba a wanke shi ba, an kuma naɗe shi a leda mai ɗan huji. A nisanta shi da tuffa da ayaba, domin iskar da suke fitarwa yayin nuna tana sa shi yin rawaya da wuri. Dafaffe kuwa a kwashe shi daga tukunyar da zarar ya huce, musamman idan ta alminiyam ce ko ta baƙin ƙarfe, a zuba a mazubi mai murfi a saka a firji, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. Wajen ɗumamawa, a zuba shi a kasko mai zafi da ruwa cokali ɗaya na minti biyu babu murfi, kuma idan ana son ƙarin lemon tsami a bari sai an sauke.